Rufe Littafin Ka Ba Ni Labari

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro. Mai girma shugabar makaranta da mataimakanta. Malamanmu maza da mata, waɗanda alli ya cinye musu yatsu, surutun 'ya'yanmu ya cinye musu murya. Shugaban ƙungiyar iyaye da malamai. Manyan baƙi da suka ajiye harkokinsu suka amsa gayyata. 'Yan'uwana iyaye mata da iyaye maza. Sai kuma ku 'ya'yanmu 'yan ajin ƙarshe, waɗanda dominku aka share wannan zaure aka jera waɗannan kujeru: ina gaishe ku baki ɗaya, ina yi muku barka da zuwa.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nuna mana wannan rana da rai da lafiya. Bayan haka ina godiya ga hukumar makaranta da ta ga dacewar a ba iyaye dama su ce wani abu kafin a shiga jarrabawa, ina kuma godiya ga iyayen da suka turo ni gaba suka koma baya suka zauna abinsu. Ni ba malama ba ce, ma'aikaciyar jinya ce, na fi sabawa da yi wa mutum ɗaya magana a bakin gado a kan yi wa jama'a jawabi. 'Yata tana cikin ɗaliban nan, kuma tun a gida ta roƙe ni abu biyu: kada in nuna ta, kada kuma in daɗe. Na farkon na yi mata alkawari. Na biyun kuwa, sai abin da hali ya yi.

'Ya'yana, an ce in yi muku magana a kan yadda ake karatu da yadda ake shirin jarrabawa. Abin da na sani a kan wannan ba a littafi na samo shi ba, a cikin gidanmu na gan shi, a ɗakin mahaifina, tsakaninsa da ƙanena. Saboda haka labarinsu zan ba ku, duk inda muka iso wurin darasi sai mu tsaya mu ɗauka.

Ƙanen nan nawa shi ne autanmu, kuma Auta kowa ke kiransa har yau, ko da yake furfura ta fara fito masa. A duk cikinmu babu wanda ya kai shi zama da littafi. Da littafi yake cin abinci, da littafi yake zama a ƙofar gida, har maƙwabta kan nuna wa 'ya'yansu shi su ce, "Ku dubi ɗan mutane." Ga shi da jan biro, duk layin da ya karanta sai ya ja masa layi a ƙasa, har shafi ya koma ja tun daga sama har ƙasa. In ka tambaye shi, "Auta, ka gane?" sai ya ce, "Na gane." Mu kuma muka sakankance, muka zauna jiran ranar murna.

Sakamako ya fito, Auta ya faɗi. Ya faɗi lissafi, ya faɗi darussan kimiyya, waɗanda su ne yake buƙata domin karatun da yake buri. Ba zan manta da shirun da gidanmu ya yi ba. Umma ta ɗora tukunya ta manta ba ta kunna wuta ba. Shi kuwa ya shige ɗaki ya turo ƙofa, ya daina fita ko bakin titi, don kada ya haɗu da abokansa da suka ci. Kawunmu, wanda ke da shagon kayan gyaran mota, ya zo da kyakkyawar niyya ya ce, "A ba ni shi. Ba kowane kai aka yi don boko ba, kuma sana'a ba abin kunya ba ce." Gaskiya ya faɗa, sana'a ba abin kunya ba ce. Amma ni na san yaron nan, na san in ya tafi shago a wannan hali, ba don yana so zai tafi ba, zai tafi ne yana ganin kansa daƙiƙi, kuma haka zai ci gaba da ganin kansa har tsufa.

Baba ya saurari Kawu har ya gama, sannan ya ce, "A bar shi ya sake gwadawa sau ɗaya. In ta ƙi, naka ne."

Mahaifinmu direban babbar mota ne, rabin rayuwarsa a kan hanya ya yi ta. A shekarar nan ne yanar ido ta rufe masa idanu, har ya ajiye tuƙi, likita ya ce sai an yi aiki, ido ɗaya bayan ɗaya. Aka yi na farko, aka dawo da shi gida da sharuɗɗa: ban da shiga rana, ban da sunkuyo, ban da kallon talabijin. Ku dubi mutumin da ya saba kwana a wani gari ya tashi a wani, a ce ya zauna a ɗaki an saki labule. Rediyo ya ishe shi, baƙi suka ɗauke ƙafa, ya fara faɗa da kowa har da matashin kai. Ni ce ke zuwa in ɗiga masa magani in na tashi daga aiki, saboda haka abin da zan faɗa muku a gabana aka yi shi.

Wata rana da hantsi ya ce a kira masa Auta. Ya ce, "Kawo littafinka nan ka zauna, ko motsinka na riƙa ji."

Auta ya zauna a ƙasa kusa da gado yana buɗe shafi. Can Baba ya ce, "Me kake karantawa?"

Ya ce, "Yadda jini ke zagaya jikin mutum."

"To, ba ni in sha."

Auta ya gyara murya ya fara karantowa. Baba ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, ban ce ka karanta mini ba. In karatu nake so ai ga rediyo nan. Rufe littafin ka ba ni labari."

Auta ya rufe littafi, ya ce zuciya ce ke tura jini. Baba ya ce, "Madalla. Ta tura shi ina?" Ya ce huhu. "Ya je huhu yin me? Kaya zai sauke ko lodi zai yi?"  Auta ya dubi silin, ya dubi ƙafarsa, hannunsa ya tafi kan littafi a hankali. Baba, da ido ɗaya a rufe da auduga, ɗayan kuma ba ya gani sosai, ya ce, "Na ji ƙarar takarda."

Sai yaron nan ya juyo ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Yaya, wallahi shafin nan na karanta shi ya fi a ƙirga. Har hoton da ke gefensa ina gani a raina."

 Baba ne ya lalubo kansa ya dafa, ya ce, "Kwantar da hankalinka. Lokacin da nake yaron mota, akwai hanyar da muka yi shekaru muna bi da maigidana. Kowace bishiya na santa, kowace gada na santa. Ranar da ya miƙo mini makulli ya ce in kai kaya ni kaɗai, ina isa mararraba ta farko na tsaya ina zufa, ban san dama zan yi ko hagu ba. Ashe duk shekarun nan kallon hanya nake yi, shi ne ke bin ta. Kai ma littafin ne ke tuƙi, kana gefe kana kallo. Karɓi sitiyarin."

'Ya'yana, ga abu na farko, kuma in kun manta da duk sauran, kada ku manta da shi. Ido yana ruɗin mai shi. In ka ga shafi sau da yawa, sai ya zame maka kamar fuskar mutumin da kuke haɗuwa kullum a hanya: ka san fuskar, amma in aka ce faɗi sunansa sai ka yi tsuru-tsuru. Ranar jarrabawa kuwa suna ake tambaya, ba fuska ba. Saboda haka karanta kaɗan, rufe littafi, faɗi abin da ka karanta da bakinka, ko ka rubuta shi a farar takarda da kanka. Inda ka maƙale, nan ne ba ka sani ba, nan za ka koma. Za ku ji abin da ɗaci, domin karatun da ake rufe littafi ya fi wanda ake buɗewa wahala. Amma gara ka maƙale a ɗakinku gaban mahaifinka da ka maƙale a zauren jarrabawa gaban takarda.

Daga ranar nan abin ya zame musu aiki. Da safe Auta zai karanta abu ɗaya, ba mai yawa ba, da rana ya zo ya ba Baba labari. Baba kuwa da yake ba shi da wani abin yi, sai ya riƙe komai a kansa. Ana cikin labarin tsirrai sai ka ji ya ce, "Tsaya tukuna. Jinin nan da muka baro a huhu wancan makon, ya dawo gida kuwa?" Dole Auta ya koma baya ya dawo da jini gida. Wani lokaci ya tuna, wani lokaci ya kasa, ya je ya duba ya dawo. Har ya fara ƙorafi wai Baba na mayar da shi baya. Bai sani ba, wannan mayarwar ita ce ta dasa masa karatun.

Wannan shi ne abu na biyu. Abin da ka koya yau, in ba ka waiwaye shi ba, zai sulale ya tafi ba sallama. Ku waiwaye shi bayan kwana biyu, ku sake waiwayarsa bayan mako, ku kuma waiwayarsa bayan wata. Kaɗan yau, kaɗan gobe, kaɗan jibi ya fi a tara komai sai ana gobe jarrabawa a ce za a haɗiye shi gaba ɗaya. Mu a asibiti mun san haka: maganin da aka ce a sha a mako guda, wanda ya shanye shi rana ɗaya ba warkewa zai yi ba, gado za mu ba shi.

Akwai kuma maganar waya, kuma na ga wasu sun fara sunkuyar da kai. Baba ya lura duk sa'ad da wayar Auta ta yi ƙara, labari sai ya tsinke. Sai ya ce, "Kawo ta nan, ni ma in ɗana." Ya tura ta ƙarƙashin matashi. In abokai suka kira, shi ke ɗauka, ya ce, "Direban yana kan hanya, sai ya sauke kaya." Har abokan suka riƙa kira da gangan don su ji abin da tsoho zai ce. Ban ce ku jefar da wayoyinku ba, akwai amfani a cikinsu. Amma lokacin karatu ku ba wani ajiya, wanda kuke jin nauyin ku ce ya dawo muku da ita.

Ana nan, wata rana Baba ya ce, "Auta, kullum labarin jini, kullum labarin ganye. Ba lissafi ne ya kayar da kai ba? Ban taɓa jin ka kawo mini shi ba."

Auta ya ce, "Baba, shi ba ya ba da labari."

Baba ya ce, "Ko dai kai ne ba ka son ku haɗu? Ni lissafinku ya fi ƙarfina, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma wanda ya koya maka yana nan da rai. Tashi ka je wurinsa."

Nan aka yi daga. Komawa makarantar da 'yan bayansa a aji ke ciki, a matsayin wanda ya faɗi, ya fi masa komai nauyi. Ya yi kwanaki yana kawo dalili: yau ciwon kai, gobe malam ba ya nan. Ranar da ya tafi, sai da na raka shi har bakin ƙofar makaranta kamar ɗan aji ɗaya. Malamin lissafin nan, Allah Ya saka masa da alheri, ko kalma ɗaya bai yi masa a kan faɗuwa ba. Ya jawo masa kujera, ya ba shi tambayoyin shekarun baya, ya ce, "Yi waɗanda ka iya, ka kawo mini waɗanda suka gagare ka. Su nake so." Ya kuma ce ya riƙa sa agogo a gabansa, ya ba kansa daidai lokacin da za a ba shi a jarrabawa. Umma ce ta zama mai tsaron agogo, kuma ba a taɓa yin mai tsaro mara sassauci irinta ba. Lokaci na cika za ta leƙo daga kicin ta ce, "A ajiye biro," ko da yana tsakiyar kalma.

Abu na uku ke nan, kuma kashi biyu ne. Darasin da kake gudu, shi ya fi buƙatarka. Ka ba shi safiyarka, lokacin da kai ke sabo, ka bar wanda kake so zuwa yamma. Sannan kada kunya ta hana ka cewa "ban gane ba." Malaman nan da ke zaune a gabanku, babu abin da ke faranta musu rai kamar ɗalibin da ya zo da tambaya. Ku dube su, ga su nan suna gyaɗa kai.

Jarrabawa ta matso, sai aka yi wa Baba aikin ido na biyu. Wannan karon abin bai zo da sauƙi ba. Idon ya kumbura, zafi ya hana shi sakat, aka kwantar da shi a asibiti, likitoci suna ta ƙoƙarin ceto idon. Auta ya tattara littattafansa ya ce a gefen gadon zai tare, a can zai yi karatu, a can zai kwana. Baba, yana cikin wannan ciwo, ya ce a matso da shi kusa. Ya ce, "Wa ya ce maka jinya ta rasa mai yi? Ga yayarka, aikinta ke nan. Kai naka aikin daban. Ka je gida ka ci abinci ka ƙoshi, ka kwanta da wuri. Ban taɓa ba direban da bai yi barci ba makullin motata, ba kuwa zan fara a kanka ba."

Auta ya ce, "Baba, akwai sauran abin da ban gama ba."

Baba ya ce, "Abin da ka ɗauka ya isa kaya. Wanda ke ƙara lodi ana gobe tafiya, a hanya yake zubarwa."

Ku riƙe wannan a matsayin na huɗu, ni kuma zan sa hannu a kansa a matsayina na ma'aikaciyar lafiya. Barci ba lalaci ba ne, abinci ba ɓata lokaci ba ne. Ƙwaƙwalwar da ba ta huta ba ba ta bayar da abin da aka ba ta ajiya. Kowace shekara sai an kawo mana yaran da suka hana idonsu barci, suka cika cikinsu da abubuwan hana gyangyaɗi, suka je suka zube a zauren jarrabawa. Kada in ga ɗayanku a wurin aikina, sai dai in ya zo gaishe ni.

Ranar da za a fara jarrabawa, da sassafe, ya biyo ta asibiti da kayan makaranta a jikinsa. A ranar ne kuma ya gaya mana wani abu da ya ɓoye: wani abokinsa ya zo masa da wasu amsoshi a waya, wai su ne za su fito. Ya ce ya duba sunan saƙon, zuciyarsa ta hana shi buɗewa, ya goge. Baba ya ce, "Da ka buɗe, da ko ka ci ban san ɗana ne ya ci ko wayar ba." Ya kama hannunsa ya ce, "In ka zauna, ka karanta tambaya sau biyu. Ka fara da wadda ka sani. Sannan ka ɗauka ni ne na tambaye ka, ka ba ni labari."

Daga baya Auta ya gaya mini cewa ranar lissafi, tambayar farko da ya gani ta ɗaure masa kai, ya ji kamar bara ce ta dawo. Sai ya ajiye biro, ya ja numfashi, ya tsallake ta, ya nemi wadda ya iya. Daga ita sai wata, daga wata sai wata. Da ya dawo kan ta farkon, ashe ba ta kai yadda ya zata ba.

Idon Baba na biyu bai tsira ba. Haka Allah Ya ƙaddara, aka sallamo shi da ido ɗaya da tabarau mai kauri. Bai taɓa yin ƙorafi a gabanmu ba, sai dai ya ce mota mai fitila ɗaya ma tana kai mutum gida.

Ranar da sakamako ya fito, Auta ya shigo gida da takarda a hannu, ya wuce ɗakin Baba, mu kuma muka bi shi a baya. Na miƙa hannu zan karɓa in karanta, Baba ya ce, "A'a. Don me aka gyara mini idon?" Ya sa tabarau, ya matsa kusa da taga, ya kai takardar har bakin hancinsa, yana bin ta da yatsa layi bayan layi. Karatun Baba ba mai sauri ba ne, mun tsaya kamar ba za a gama ba. Auta bai zo na ɗaya a ko'ina ba, lissafin ma da kyar ya haye, amma ya ci duk abin da yake buƙata. Baba ya kai ƙarshe, ya sake komawa farko. Sannan ya naɗe takardar, ya cire tabarau, ya goge idonsa mai gani da wanda ba ya gani, ya ce, "To, yanzu in ka tafi makaranta, wa zai ƙarasa mini labarin ƙoda? A tsakiya muka tsaya."

Auta ya durƙusa ya kifa kansa a gwiwar Baba. Umma ta juya ta fita, wai ta ji ƙauri a kicin. Kawu ma da ya zo taya murna ya ce shi ya yi asarar yaron shago, amma bai taɓa yin asarar da ta yi masa daɗi kamar wannan ba. Yau ƙanen nan nawa a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti yake aiki, jinin mutane yake dubawa daga safe har yamma.

'Yan'uwana iyaye, kalma ɗaya gare mu kafin in zauna. Mahaifina bai san kimiyya ba, bai san lissafin boko ba. Abin da ya bayar shi ne kunnensa da lokacinsa, kuma babu wani a zauren nan da ya rasa waɗannan biyun. Mu rage musu aike a 'yan makonnin nan, mu rage ƙarar talabijin, mu daina auna su da 'ya'yan maƙwabta. Mu zaunar da su mu tambaye su abin da suka koya, ko da ba za mu gane amsar ba. In kuma wani ya yi tuntuɓe, kada mu zama farkon masu yanke masa ƙauna, domin yaro yakan ga kansa ne da idon iyayensa.

Ku kuma 'ya'yana, mun san kuna jin tsoro, ko da kuna dariya. Ku sani jarrabawa tana auna abin da kuka shirya ne, ba ta auna darajarku a wurinmu. Ku yi iya ƙoƙarinku da gaskiya, ku shiga da hannu mai tsabta, ku fito da kai a sama. Ƙofar gida a buɗe take, ko me takarda ta ce.

Allah Ya buɗa ƙwaƙwalenku, Ya kwantar da hankalinku, Ya tuna muku abin da kuka karanta a lokacin da kuke buƙatarsa. Allah Ya ba ku lafiyar zama jarrabawa daga farkonta har ƙarshenta, Ya sa ku ga sakamakon da zai faranta muku rai, Ya sa ilimin ya amfane ku ya amfani jama'a. Allah Ya saka wa malamanku da mafificin alheri, Ya albarkaci zuri'arsu kamar yadda suka kula da tamu. Allah Ya ja kwanan iyayen da ke raye, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ɗaukaka wannan makaranta, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.